Kafin Ki Sa Hannu a Jerin Sunayen Ministoci

Madabo, cikin birnin Kano.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ki Abuja lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa.

Jiya da kika zo sallama ban faɗa miki komai ba. Kin ga yadda soro ya cika, har kan dakali mutane ne. Kika durƙusa kika gaishe ni, na ce Allah Ya kiyaye hanya, kika shige wajen Hajiyarku. Ba wannan ce sallamar da na shirya ba. Tun ranar da aka faɗa a rediyo cewa kina cikin kwamitin da zai tace sunayen waɗanda sabon shugaban ƙasa zai naɗa ministoci, na kasa zama wuri ɗaya. In tafi masallaci in dawo, in shiga ɗaki in fito, in ɗauki carbi in ajiye. Hajiyarku har tambayata ta yi, wai ke aka kira ko ni. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda. Zan ba maigidanki ya sa miki a jaka kafin ku kama hanya gobe. Ki yi haƙuri da rubutun, na tsoho ne.

Na san ba ke za ki naɗa kowa ba. Kin yi mini bayani: ku naku shi ne ku karanta takardun kowa, ku bincika, ku rubuta abin da kuka gani, shugaba ya zaɓa, majalisa ta tantance. Na ji. Amma na yi shekara talatin da biyar ina aikin gwamnati, na san abin da layi ɗaya a cikin rahoto yake iya yi wa mutum, da abin da yake iya yi wa waɗanda za su zauna a ƙarƙashinsa.

Ba zan koya miki aikinki ba, kin fi ni karatu nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi kawai kurakuraina ne. Ni ma na taɓa riƙe biro a kan sunayen mutane, a ɗan ƙaramin wuri, kuma na yi ɓarna. Ban taɓa ba ku labarin ba, saboda kunya. Yau zan ba ki.

Kina goye a bayan Hajiyarku aka ba ni hedimasta a wata firamare a nan cikin gari. Ofishin ilimi suka ce in ba da sunan wanda nake so ya zama mataimakina. Mutum biyu ne suka kai. Ɗaya Malam Garba, wanda yanzu kuke kira Baba Alhaji Garba, abokina tun muna makarantar horon malamai. Tare muke cin gurasa lokacin tara, tare muke turo kekunanmu mu dawo gida. Ɗayar kuma Malama Saude, 'yar Shahuci, wadda ta riga mu fara aiki da shekara shida. Ta san kowane yaro da gidansu, ta san wanda bai karya ba ya zo makaranta. Matsalarta ɗaya, ba ta iya ajiye magana a ciki. Watana na farko, a taron malamai, ta ce mini a gaban kowa, "Malam, ba za mu iya hukunta yaro a kan makara ba alhali shugaban makaranta sai takwas da rabi yake shigowa." Gaskiya ta faɗa. Na yi dariya a wurin, amma na riƙe ta a zuciya.

Da aka zo batun mataimaki, na rubuta sunan Garba. Na gaya wa kaina wai malamai maza ba za su bi umarnin mace ba, wai ina bukatar wanda na yarda da shi. Duk ƙarya nake yi wa kaina. Hutu nake nema. Ba na son wadda za ta riƙa shigo mini ofis kullum da abin da ba na son ji. Har na ƙara da cewa daga ranar duk mai magana ya bi ta hannun mataimaki.

Shekara biyu na sha iska. Kowace safiya Garba zai leƙo ya ce, "Komai lafiya, ranka ya daɗe." Ni kuwa in ji daɗi, in ce lallai na iya zaɓe.

Bangon aji huɗu ginin ƙasa ne aka shafe da siminti. Ashe ya daɗe da tsagewa daga sama har ƙasa, a bayan allo. Wata damina aka yi kwana biyu ana ruwa. Rana ta uku, an fita tara, ina ofis na ji ƙara kamar an sauke tipar dutse. Allah Ya taimaka yara suna waje, ban da yarinya ɗaya da zazzaɓi ya hana fita, ta kifa kanta a benci. Da hannu muka tone ta. Ƙafarta ta karye a wuri biyu. Kin san ta, Binta mai ɗinki ce ta lungun bayanmu, wadda take jan ƙafa. Har yau in ta gan ni sai ta rusuna ta ce, "Malam, ina wuni." Da zagina take yi da ya fi mini sauƙi.

A barandar asibiti Malama Saude ta same ni, zanenta duk laka. Ta ce, "Malam, sau biyu na rubuta takarda a kan bangon nan."

Na ce, "Wallahi ban gani ba."

Ta ce, "Na sani. Ai wanda ba zai nuna maka ba ka zaɓa."

Washegari na buɗe durowar Garba, ga takardun nan guda biyu a ninke. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Na ga kana cikin damuwar jarrabawa, ban so in ƙara maka." Kuma ba ƙarya yake yi ba, Ummi. Garba ba mugu ba ne. Abin da na ɗauke shi ya yi, shi ya yi. Malama Saude kuwa har ta yi ritaya ba ta samu shugabancin makaranta ba. Da ta rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta, ban taɓa buɗe baki na ce mata na yi kuskure ba.

To ga abin da nake so ki riƙe. Duk sunan da aka ajiye a gabanki, ki nemi amsar tambaya ɗaya: wannan mutumin ya taɓa shiga wajen wanda ya fi shi ya gaya masa abin da ba ya son ji? Yaushe? Me ya biyo baya? In an ce miki mutum ne mai biyayya, bai taɓa saɓawa da maigidansa ba a shekara ashirin, kada ki rubuta wannan a layin yabo sai kin sake tunani. Sabon shugaba ɗan Adam ne kamar ni. Ya sha wahalar zaɓe, ya gaji, zai so a kewaye shi da masu cewa komai lafiya. Ni aji ɗaya ne a hannuna, ga abin da ya faru. Minista asibitocin ƙasa ne a hannunsa, ko hanyoyinta, ko abincinta. Ke ma kuma, a cikin kwamitin naku, kada ki zama mai ninke takarda ta sa a durowa don kada ran manya ya ɓaci. Ki faɗa da ladabi, ki zaɓi lokacin da ya dace, amma ki faɗa.

Na dakata a nan, an yi sallama. Wani ne ban taɓa ganinsa ba, ya ce wai kakansa da kakana sun yi fatauci tare zuwa Gwanja. Ya miƙo mini ambulan mai kauri, takardun wansa ne. Na ce ya tafi da abinsa. Ya ajiye a kan tabarma ya fita da sauri kamar wanda aka kora. Ga shi nan ina kallo, ban san yadda zan yi da shi ba. Bari in ci gaba kafin wani ya zo.

Bayan maganar bango da shekaru, aka mayar da ni ofishin ilimi, aka sa ni cikin masu duba waɗanda za a ba shugabancin makarantu. A cikin masu nema akwai Malam Ilyasu, mutumin Dukawuya. Ban taɓa ganin malamin lissafi kamarsa ba. Yaran da aka fitar da rai da su ake tura masa, kafin zango ya ƙare suna rige-rigen fita allo. Kowa a kwamiti ya san shi ne na farko.

Ana saura kwana biyu mu miƙa sunaye, na tarar da wasiƙa an zuro ta ƙarƙashin ƙofar ofis. Babu suna, babu sa hannu, sai "mai kishin ilimi." Ta ce Malam Ilyasu yana kwashe littattafan da gwamnati ta kawo, yana kai su gidansa da yamma a baro, daga nan sai kasuwa. Ta ce duk unguwa an sani.

Kin ga, tun faɗuwar bangon nan na yi wa kaina alkawari ba za a sake cewa an rubuto takarda ban kula ba. Tsoro ne ya kama ni, ba kishi ba. Na ɗauki jan biro na rubuta a gefen sunansa, "Akwai ƙorafi a kansa." Kalma huɗu. Ban kira shi ba, ban je makarantar ba, ban tambayi ko maigadi ba. Aka tsallake shi aka ba na biyu.

Magana ba ta zama a ofis. Cikin wata guda ta zaga gari cewa an hana Ilyasu hedimasta saboda sata. Aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Bai yi shekara ba ya ajiye aikin, ya koma sana'ar fata ta gidansu.

Sai daga baya na ji yadda abin yake, daga bakin shugaban iyayen yara na makarantar. Ɗakin ajiyarsu yana yoyo, gara kuma ta shiga. Shi da Malam Ilyasu suka shawarta a kwashe littattafan a kai ɗakin soron Ilyasu, a riƙa ɗaukowa aji aji. Baron gaskiya ne, yamman ma gaskiya ne. Kasuwar ce ƙarya. Wanda ya rubuta wasiƙar kuwa ƙanin matar wanda aka ba kujerar ne.

Lokacin bikinki na shiga kasuwar Kurmi neman takalman fata da zan ba baƙi. Na tsaya a wata rumfa, mai rumfar ya ɗago kai, sai ga Ilyasu, gemu ya yi fari. Na so in juya, amma ya riga ya gan ni. Ya shimfiɗa mini buzu, muka gaisa. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, abu ɗaya na daɗe ina son tambayarka. Daga ofishinku zuwa makarantarmu, tafiyar minti nawa ce a keke?"

Na ce, "Kamar goma."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da shafa wa takalmi mai. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce, "Ni na yafe tuntuni, sana'ar nan ta rufa mini asiri. Amma yaran da ban koyar ba, ban san wa zai je ya roƙe su ba."

Ummi, wasiƙu irin wannan za su zo muku buhu buhu. Yanzu ma ba sai an zuro ta ƙarƙashin ƙofa ba, ta waya za su shigo, da hotuna, da murya, kowanne da rantsuwa. Wasu gaskiya ne, kada ki watsar. Wasu kuma rabinsu gaskiya ne, su ne suka fi haɗari. Kada ki rubuta kalma ɗaya a gefen sunan mutum sai an kira shi an ji ta bakinsa. In an ce lokaci ya ƙure, ki ce a rubuta cewa lokaci ya ƙure ba a bincika ba, kada a rubuta kamar an bincika. A rahotonki ki raba abin da kika tabbatar da abin da kika ji ana faɗa, kowanne da wurinsa. Kuma in kina son sanin mutum, takardun digirinsa ba za su gaya miki ba, manyan da suka rubuto masa shaida ma ba za su gaya miki ba. Ki sa a nemo waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa: direbansa na da, magatakarda, matar da take share ofis. Da na tambayi maigadin makarantar su Ilyasu, da ya warware mini komai kafin shayina ya huce.

Wannan adalcin kuma ba na 'yan gida kaɗai ba ne. Kowace jiha sai ta samu minista, don haka za ki ga sunayen da harshenki zai yi tuntuɓe wajen faɗarsu, mutanen da ba addininku ɗaya ba, garuruwan da ba ki taɓa takawa ba. Su ne za a fi saurin kawo miki suka a kansu ki yarda, tunda ba ki da wanda za ki tambaya a masallaci ko a gidan biki. Ki ba su irin minti goman da za ki ba ɗan Madabo.

Akwai wani abu kuma da yake damuna, ko da yake ban san ko yana hannunku ba. Na ji ana cewa sau da yawa sai an gama tantance mutum sannan a san ma'aikatar da za a ba shi. Na taɓa ɗaukar malamin Larabci mafi ƙwarewa a makarantata na ba shi lissafin aji shida don in cike gurbi. Na yi asarar Larabcin, ban samu lissafin ba, shi kuma na zubar masa da mutunci a gaban yara. In an ba ki dama, ki rubuta a gaban kowane suna abin da ya iya da abin da bai iya ba. Na san akwai gwamnoni da nasu mutanen, akwai waɗanda suka sha rana a yawon neman ƙuri'a suna jiran sakayya. Ban san siyasa ba, ba zan ce kada a saka musu ba. Amma akwai kujerun da in an yi sakayya da su, wasu ne za su biya da lafiyarsu, mutanen da ba su san ma an yi zaman ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki biro tun farko. Na yi ta zagaye ne don na rasa ta inda zan fara. Wannan kuskuren ba na shekara talatin ba ne. Na ranar Talatar nan ne.

Baba Alhaji Garba ya zo da hantsi, shi da babban ɗansa, injiniyan nan da ke Legas. Suka shigo da rago fari ƙato, da turmin shadda biyu. Muka yi hirar da, muka yi dariya har da hawaye. Can ya gyara zama ya ce sunan yaron yana cikin waɗanda ake kaiwa daga Kano, abin da ya rage kawai a samu wanda zai tsaya masa a ciki. Ya ce, "Ummi ai a hannuna ta girma. Ni na yi mata huɗuba da kana Zariya wajen kwas."

Ni kuma, da bakin nan nawa, na ce, "Haba Garba, ai Ummi 'yarka ce. Ka ɗauka an gama."

Na faɗa. Ba wanda ya tilasta ni. Kuma ba shi kaɗai ba, akwai mutum biyu da na ce wa zan yi magana, limamin wani masallaci da wani tsohon ɗalibina. Kin san dalili? Shekara goma sha biyu da ritayata, ba mai taka soron nan sai mai kawo katin ɗaurin aure. Kwatsam sai ga motoci sun toshe lungu, ana ce mini ranka ya daɗe, mutanen da suke wuce ni a hanya suna cire takalmi tun daga waje. Daɗi na ji, Ummi. Tsoho da furfurarsa, daɗi na ji. Na ɗauki amanar da aka ba ki na fara rabawa kamar goron suna.

Da suka tafi, Hajiyarku ta fito tsakar gida. Ta ba ragon dusa, ta ba shi ruwa. Jiya bayan kin tafi, ina tsakar gida ina kallonsa, ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Malam, in yarinyar nan ta ƙi, ka zama maƙaryaci. In ta yarda, ta zama maciyiyar amana. Wanne ka zaɓa mata?"

Na ce ai magana ce kawai ta fatar baki.

Ta ce, "To ragon ma na fatar baki ne?" Ta shige ɗaki ta bar ni.

Yau da safe, bayan na karya, na tare adaidaita sahu. Ni da direban muka ɗaga ragon muka tura shi baya, yana ta kuka, na rungume shaddar a cinya. Mutanen lungu suna kallo, ban ɗaga kai ba. Na sami Garba a ƙofar gidansa yana sauraron rediyo. Da ya ga abin da ake saukewa, sai ya kashe rediyon.

Na ce, "Garba, na yi maka alkawarin abin da ba nawa ba. Na zo in janye."

Ya dubi ragon, ya dubi shaddar. Sannan ya ce, "A gaban maƙwabtana za ka dawo mini da kyauta? Shekara hamsin muna tare."

Na ce shekara hamsin ɗin ce ta sa na zo da kaina ban aiko ba.

Ya ce, "Yarona bai cancanta ba ne?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila ya fi kowa cancanta. Amma ba ni zan faɗa ba, ba kuma rago ne zai faɗa ba."

Ya miƙe, ya naɗe dardumarsa, ya ce, "Allah Ya ba 'yarka sa'a." Ya shiga gida ya turo ƙofa. Ban sani ba ko zai sake yi mini magana. Na dawo a ƙafa tun daga can, don na kasa zama a cikin abin hawa. Shi kaɗai ya rage mini cikin waɗanda muka taso tare.

Ga abin da nake roƙonki a kan ɗan Garban nan. Kada ki ɗaga shi saboda ni. Kada kuma ki danne shi don ki nuna wa duniya ba ki da son kai, wannan ma zalunci ne, kuma shi bai yi miki komai ba. Ranar da kuka fara zama, tun kafin a buɗe fayil ɗinsa, ki gaya wa shugaban kwamitinku cewa ɗan aminin mahaifinki ne, an kuma zo gidanku a kan maganarsa. Ki nemi a ba wasu su duba shi, ke ki fita daga ɗakin. In ya haye, ya haye da ƙafarsa. In an tambaye ki ko mahaifinki ya karɓi wani abu, ki ce ya karɓa, ya mayar bayan kwana uku. Kada ki rufa mini asiri da ƙarya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi mini nauyi. Na san kaina yanzu fiye da yadda na sani makon jiya. Za ku yi makonni kuna wannan aiki, soron nan kuwa ba zai daina cika ba. Kawunki na Shahuci ma bai zo ba tukuna, na ji yana shiri, kuma kin san ban taɓa iya ce masa a'a ba. Ina tsoron wata rana a same ni a gajiye, a yi mini daɗin baki, in ɗauki waya in kira ki. Ke kuma na san tarbiyyar da muka ba ki, ba ki taɓa musa mini ba ko a kan ƙaramin abu. To ki saurara. In na kira ki muka gaisa, na tambayi lafiyarki, ki amsa mini. In kika ji na fara cewa "akwai wani bawan Allah," ki kashe wayar. Na ba ki izini. Ba saɓa wa iyaye ba ne, umarnina kika bi, na yau, wanda na bayar ina cikin hankalina. Na yafe miki tun yanzu, duniya da lahira. Na karanta wa Hajiyarku wannan sakin layi, ta ce ta shaida.

In kuma ta kai an ajiye miki takarda an ce ki sa hannu a kan abin da ba ki gani ba, kin yi magana an ƙi ji, to ki ajiye musu bironsu ki taho gida. Ba wanda zai ce kin gaza a gidan nan. Ajinki na jami'a yana jiranki, ɗalibanki suna jiranki. Mun ci tuwo kafin a san sunanmu a rediyo, za mu ci bayan an manta.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, na san halinki in aiki ya sha miki kai. Kada ki bar sallah ta wuce saboda taro, ki tashi ki yi, za su jira. Yaranki suna wajenmu duk Juma'a, kada ki sa su a rai.

An kira la'asar. In na idar zan wuce wajen liman, daga nan in nemi gidan tsohon ɗalibin nan, in gaya musu abin da na gaya wa Garba. Ki yi mini addu'a ni ma, ƙafafuna ba sa son zuwa.

Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya tsare idonki da kunnenki da hannun da za ki yi rubutu da shi. Ya nuna miki gaskiya Ya ba ki ƙarfin binta, ko da a kan wanda kike ƙauna ne. Ya ba ƙasar nan shugabanni masu jin tausayin talaka. Yadda kika fita daga gidan nan da mutuncinki, Allah Ya dawo mana da ke da shi, lafiya lau. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Sule Madabo.